Batirin da Ya Yi Shaidar Zur

Salamu alaikum 'yan uwana masu bibiyata. Ku da kuka cika mani waya da "Hamida ina kika shige?", ku yi haƙuri, wallahi ba jan aji ba ne. Abin da ya same ni a 'yan kwanakin nan ko wanda ba ya ƙaunata ba na yi wa fatan shi. In kun ga kuskure a rubutun nan ku gyara da kanku, hankalina bai gama dawowa jikina ba.

Saboda sababbin zuwa: ni 'yar Daudawa ce, ƙasar Faskari, ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya a Kankara. Mai nemana sunanshi Maharazu, manomi ne ɗan Damari, can ƙasar Sabuwa. Mun haɗu ranar da ya kawo mahaifiyarshi awon hawan jini asibitin da nake koyon aiki. Ya tsaya yana kallona ina ɗaura mata abin awo, har sai da tsohuwar ta ce, "Kai, ni ce marar lafiyar ko ita?" Daga nan aka fara. Ba ɗan gayu ba ne, bai iya kalaman nan da kuke turo mani kuna cewa samarinku ne suka tsara ba. In ya rubuto "kin ci abinci?" to ya gama zuba soyayyar ranar ke nan. Ni kuwa haka nake son abina.

Da kaka, bayan ya sayar da waken suya, ya zo zance da wani kwali ƙunshe cikin buhu a bayan mashin. Kwamfuta ce, laftof, baƙa siririya, sai ƙamshin sabunta take. Sau ɗaya na taɓa yi mashi ƙorafin layin da muke bi a shagon buga takardu saboda aikin kammala karatu, ashe ya riƙe abin a ranshi.

Ya ce, "Ni ban san kanta ba. Zariya na je, na ce su ba ni wadda ba wanda ya taɓa. A gabana aka yanke ledar kwalin."

To amma a gidanmu akwai doka. Kayan saurayi ba a moran shi sai Baba ya ce an karɓi mutum, Baba kuma ba ya cewa an karɓa sai an yi bincike. Bincike a Damari kuwa, hanyar ce matsala. Duk wanda aka ce ya je sai ciwon ƙafa ya kama shi, ko matarshi ta kusa haihuwa. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san abin da mutanen daji, 'yan bindigar nan, suke yi a hanyar nan.

Inna kuma ta ce abu mai daraja irin wannan ba ya zama a ɗaki a wannan zamani, don in an shigo gari ɗakin mata ake fara birkitawa. Sai ta naɗe kwamfutar da tsohon zanenta, ta tura ta tsakiyar buhun masara, ta ɗinke bakin buhun da kanta, a ɗakin ajiyarmu mai rufin kwano. Can ta ci sanyi, can ta ci zafin bazara kaf. Kullum in na wuce ƙofar ɗakin sai na yi mata sannu a zuciyata.

Sai da damina ta kawo kai, malaminmu ya fara cewa wanda bai kawo aikinshi ba zai maimaita shekara, sannan Baba ya ce a fiddo ta. Ya ce, "Aro ne, ba karɓa ba. Ki ji da kyau."

Wutar lantarki a unguwarmu baƙuwa ce, sai dai shagon mai caji. Ni kuma ba zan bar mashi ita in tafi ba, sannan budurwa ba ta daɗewa tsaye a shagon da samari ke zaman hira. Sai in kai ta, in tsaya a kanta ina sunkuyar da kai, ta ɗan sha kaɗan in zare in gudo gida. Ba ta taɓa cika ba ko sau ɗaya. Ana nan sai ta fara wani hali: tana nuna saura rabi, ina tsakiyar rubutu, sai ɗif, ta mutu. Haushi ya ishe ni, na ɗauke ta na kai wa Yaya Mas'udu ya duba mani.

Yaya Mas'udu shi ne babba a ɗakinmu. Ya yi difloma a fannin kwamfuta, yana koyarwa a firamare, kuma yana cikin samarin da ke gadin unguwa. Da can mutum ne mai barkwanci. Tun da aka kashe amininshi Bilya a gona bara, aka kuma ce wani na gida ne ya nuna shi ga mutanen daji, Yaya ya daina yarda da kowa. Ko mai tallan goro ya cika tambaya sai ya bi shi da ido har ya sha kwana.

Da hantsi ne, muna ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, Inna na tsince wake a faifai. Ya ɗora kwamfutar a cinya ya yi ta danne-danne, wani shafi mai lambobi ya fito. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki wayarshi ya ajiye, ya sake kallo.

"Hamida, wa ya ce maki sabuwa ce?"

"Kamar ya, Yaya?"

Ya juyo mani da fuskarta. "Kin ga wannan? Abin da batirin ke ɗauka ke nan ranar da ya fito daga kamfani. Wannan kuma abin da yake ɗauka yau. Kashi arba'in da biyu cikin ɗari ya cinye. Batir ba ya tsufa haka sai an yi shekaru ana dukanshi."

"Da kwalinta fa ta zo. Har da rasit."

"Kwali? Je ki kasuwar 'yan waya ki ga kwalaye. Rasit kuwa miƙo mani biro yanzu in rubuta maki."

Inna ta ajiye faifai. "Kai Mas'udu, bi a hankali."

Daidai nan Baba ya shigo daga gona, da fartanya a kafaɗa. Ya ga fuskokinmu ya tsaya. Yaya ya gyara zama ya mayar mashi da bayani.

Yaya ya ce, "Baba, in ta hannu ya saya ya ce sabuwa ce, ƙarya ya yi, wannan mai sauƙi ne. Ni tambayata, hannun wa? Motocin da ake tarewa, ɗalibai da ma'aikata, kayansu ina suke zuwa? Sannan mutumin nan an ce gonarshi a bakin daji take. Maƙwabtanshi duk sun gudu sun bar nasu, shi yana shuka yana girbi lafiya lau. Wa ya tsaya mashi?"

'Yan uwa da ke birni, wataƙila ba za ku gane nauyin maganar nan ba. A wajenmu in aka ce mutum yana hulɗa da mutanen daji, ba gulma ba ce da za a yi a watse. Mutane sun ƙone, an kashe masu 'ya'ya, an raba su da gonaki, ba su da sauran haƙurin jiran hujja. Sunan nan in ya manne wa mutum, ranshi ake magana. Shi ne Yaya ya ɗauko ya ɗora wa Maharazu a tsakar gidanmu, saboda wata lamba a fuskar kwamfuta.

Na buɗe baki in yi magana, Baba ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Maganar nan kar ta wuce ƙofar gidan nan. Ban ce yaron ya yi ba, ban ce bai yi ba. Amma ba ni ba da ɗiyata inda zuciyata ke rawa. Ranar Juma'a in an sauko, a maida mashi kayanshi cikin mutunci."

Ya jingine fartanya ya shige ɗakinshi.

Na shiga ɗaki na kwanta rub da ciki a kan katifa, na yi kuka har filo ya jiƙe. Da na gaji na jawo waya.

Na rubuta: "Don Allah zan tambaye ka wani abu, kar ka ji haushi."

Nan take ya amsa: "Ina ji, ranki ya daɗe."

"Kwamfutar nan, tsakaninka da Allah, ina ka samo ta?"

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Ni kuwa ina ta cizon gefen ɗankwalina.

"Samo ta? Saye na yi, Hamida."

Na kwashe komai na gaya mashi, da batirin, da lambar, har da maganar gona. Ya ɗan jima, sannan saƙon murya ya shigo. Na manna wayar a kunne don kar Inna ta ji. Muryarshi a kwance take, ba faɗa, kuma wannan ya fi yi mani ciwo.

"Gonar da ake magana, ni kaɗai na san yadda nake nomanta. Ba ni zuwa da mashin, ba ni zuwa da waya. A ƙasa nake shiga, in yi abin da zan yi a guje in fito. Na sha kwanciya cikin masara ina jin mashinansu na wucewa. Gadon ubana ce, in na bar ta ba mu da abin ci. Waken da na sayar na sai maki abin nan, a haka na noma shi. Yayanki bai san ni ba, ban riƙe shi ba. Ke fa, da ya faɗa, mi kika ce?"

Mi na ce? Ban ce komai ba. Baba ya ɗaga hannu na yi shiru, gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Tun da na yi alkawarin ba zan ɓoye maku komai ba: a can ƙasan raina, lokacin da Yaya ya ce "wa ya tsaya mashi", ni ma sai da na tambayi kaina. Lamba ce fa a rubuce, na gani da idona. Na rubuta mashi "na yarda da kai", amma na daɗe kafin in tura, kuma na san ya lura.

Ya amsa: "To. Allah ya bayyana gaskiya."

Ranar bai tambaye ni ko na ci abinci ba, kuma ban ci ɗin ba.

Da la'asar na kira Tabita. Ajinmu ɗaya, 'yar Kankara ce, Bahaushiya Kirista, kuma ita ce mai jin sirrina tun shekarar farko. Yayanta Samuel sana'ar haɗa sola yake yi, don haka gidansu ba a rasa wuta. Ina kuka ina ba ta labari, ta katse ni.

"Tsaya tukuna. Kafin ki fara amfani da ita, ina kuka ajiye ta?"

"Cikin buhun masara."

"Cikin mi?"

"Buhun masara, Tabita. Tun kaka."

Ta fashe da dariya har da tari, sai da ta ji ban taya ta ba ta tsaya.

"Yi haƙuri. Saurara, tawa ma ta taɓa yi mani haka da na bar ta cikin akwati duk dogon hutu. Yaya Samuel ya ce lambar nan ba awo ba ne na gaske, kintace ne batirin ke yi wa kanshi. In ya daɗe a ajiye ya mutu murus, sannan aka riƙa ba shi wuta guntu-guntu, sai ya ruɗe, ya manta inda cikinshi ya fara da inda ya ƙare. Sai ya ce ya tsufa alhali bai tsufa ba."

Na tashi zaune. "To ya ake yi?"

"A bar shi ya ƙare ƙarƙaf, sannan a jona shi ya cika maƙil ba a zare ba ko na ƙiftawar ido. Tawa ta dawo daidai. Amma ban yi maki alkawari ba fa. In da gaske ya lalace, ba abin da zai canza, kuma ki shirya wa hakan."

Inna ce ta shiga wajen Baba. Ina laɓe a bakin ƙofa na ji tana cewa, "Malam, ni na tura abin nan cikin masara da hannuna. In laifin ajiyata ne, kar a ɗora wa ɗan mutane. A gwada, ba abin da za a rasa." Baba ya ƙwala wa Yaya kira ya ce, "Ku je Kankara ranar Alhamis. Kai ka gani na farko, kai za ka gani na biyu."

Laraba muka wuni muna kashe batir. Na kunna wa Inna wa'azi, ya ƙare na sa mata wasan kwaikwayo, maƙwabta suka shigo suka baje a tabarma suna kallo ba su san mi ake ciki ba. Ta mutu, na kunna, ta ɗan yi ta sake mutuwa, na sake kunnawa, har ta kai ko na danna ba ta motsi. Ban taɓa murnar mutuwar abu irin ta ranar ba.

Alhamis da safe na sa doguwar rigata ruwan toka, na rataya jakar kwamfutar ta gaba, na zuro hijabi ruwan ƙasa har ƙafa ya rufe ta. Wata tsohuwa a mota ta dubi tudun gabana ta ce Allah ya raba lafiya, na ce amin don ba ni da ƙarfin bayani. Yaya na gefena. Duk motar kowa idonshi na kan daji, sai direba da ke ta salati a duk kwana. Da muka hango gidajen Kankara aka yi ajiyar zuciya kusan a tare.

Gidan su Tabita na san shi kamar namu. Falo ne ɗan madaidaici, kujeru da lulluɓin saƙa, kalandar coci a bango, baturan sola jere a lungu, inbata mai rarraba wutar na ƙugi a kansu. Gefe ga babbar firizar Mama Esther, mahaifiyar Tabita, cike da zoɓo da kunun aya na sayarwa. Samuel ya tafi aiki ƙauye da motar wani, sai mu kaɗai. Mama ta amsa gaisuwar Yaya, ta kawo mashi ruwa mai sanyi, ya karɓa ya ajiye bai sha ba.

Tabita ta jona kwamfutar, 'yar fitilar gefe ta kama. Ta ce, "Daga yanzu ba mai taɓa wayar nan. Ko kaza ta shigo a kore ta."

Muka zauna muna kallon abu kamar masu jinya. Lamba na hawa a hankali. Yaya kuwa ya kasa zama, wayarshi na ta ƙara, ya duba ya kashe, ta sake ƙara ya fita waje ya amsa ƙasa-ƙasa. Duk dawowar da zai yi fuskarshi ta ƙara canzawa. Na ɗauka haushin zaman jira ne.

Ba mu kai rabi ba gari ya fara lumshewa. Na leƙa ta taga, hadari ne ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Kafin a jima rana ta ɓace, iska ta fara buga ƙofa, sai inbata ya soma wani kuka, tit, tit, tit.

"Tabita, mi ke nan?"

Ta ciji leɓe. "Baturan sun tsufa. In ba rana ba za su iya ɗaukar firiza da fanka da wannan a tare ba. In ya ɗauke, sai an sake daga farko."

Daga farko! Gobe Juma'a.

Mama Esther ta fito daga kicin tana goge hannu da zane. "Wai mi ke cikin kwamfutar nan ne kuka tsare ta haka? Jarrabawa ce?"

Tabita ta dube ni, na gyaɗa kai, ta gaya mata a taƙaice. Mama ta saurara har ƙarshe. Ta taka ta zare filogin firiza, ta kashe fanka, ta kashe har ƙwan falo.

Tabita ta ce, "Mama, kunun aya fa? Zai lalace."

"Ya lalace ɗin. Na ga abin da aka yi wa wani a ƙauyenmu da aka laƙa mashi wannan sunan. Daga baya aka gano ba shi ba ne, an riga an binne shi." Ta dubi Yaya, ba da faɗa ba. "Ɗana, sha ruwanka."

Inbata ya yi shiru. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, kwano na ta ƙara, falo ya yi duhu, ba abin da ke haske sai 'yar fitilar nan. Zufa na bin bayana a cikin hijabi. Lokacin azahar Mama ta miƙo mana buta ta shimfiɗa darduma da take ajiye wa baƙi, na yi salla a ɗakin Tabita. A sujada ban iya wata doguwar addu'a ba, sunanshi kawai na yi ta faɗa ina cewa ya Allah ka sani.

Da na fito lambar ta haura tamanin, tana tafiya kamar ba ta so. Na ce, "Ta cika daɗewa, Tabita. Ko wani abu ne?"

"Daɗewar ce nake so. Da rabin ciki gare shi da tuni ya ƙoshi."

Ta kai casa'in da tara ta tsaya. Ta tsaya, ta tsaya, har na fara jin kamar in ɗaga ta in girgiza. Ruwan firiza ya fara ɗiga a siminti, Mama ta sa tsumma ta tare. Sai fitilar ta canza launi. Na miƙe zumbur, Tabita ta riƙe mani hijabi ta ce a ƙara mata lokaci. Wannan ƙarin shi ya fi kowane tsawo.

Daga ƙarshe ta tura wa Yaya kwamfutar. "Bismillah, Yaya Mas'udu. Kai ka san inda ake dubawa."

Ya durƙusa a gabanta. Sai da ya yi kuskure ya goge ya sake. Shafin lambobin ya fito. Na kasa kallo, na rufe ido, sai muryar Tabita na ji.

"Huɗu! Kashi huɗu, Hamida! Ga shi nan!"

Na buɗe ido. Lambobin nan biyu da Yaya ya nuna mani a gida, na kamfani da na yau, sun kusa zama ɗaya. Na rungume Tabita ina kuka ina dariya, Mama na cewa an gode Allah, an gode Allah. Na juyo wajen Yaya da bakina cike da magana, na shirya mashi tsiya tun daga Daudawa.

Yana nan durƙushe. Zufa ta jiƙa mashi riga, kuma abin da ke fuskarshi ya wuce kunya, tsoro ne.

"Yaya?"

"Hamida, na tura hoton."

"Wane hoto?"

"Na lambar farko. Ranar nan, kafin Baba ya shigo. Guruf ɗinmu na waya na masu gadi na tura. Tambaya kawai na yi, ko akwai wanda aka ƙwace wa irinta a hanya. Na sa sunanshi da garinsu. Da Baba ya yi magana na goge, ashe an riga an tura gaba. Tun safe ake kirana daga Damari."

Mama Esther ta dafe ƙirji. Ni ban san lokacin da wayata ta zo hannuna ba. Na danna lambar Maharazu, ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake. A na biyun aka ɗauka, amma ba muryarshi ba ce, wani ne mai kaushin murya, bayanshi hayaniyar mutane.

"Wa ke magana?"

"Mai wayar nake nema."

"Mai wayar na nan wajenmu masu gadin Damari, muna yi mashi 'yan tambayoyi. Ke wace ce tashi?"

Na dubi Yaya. A gidanmu ko sunan saurayi ba a kamawa gaban babban wa, kuma Baba bai ba da ni ba. Na ce, "Matar da zai aura ce."

"Auho. Ke ce aka kai wa kayan."

"Malam, don girman Allah ka saurare ni. Kayan sabo ne. Kuskure ne batirin ya yi, yanzun nan aka sake aunawa, ga shi a gabana. Bari in turo maku hoto."

"'Yar nan, hoto ne ya kawo shi nan, wani hoton ba zai fid da shi ba. Jama'a sun taru a ƙofa, mu ne ma ke tare su. In kuna da gaskiya ku zo da abin, da wanda ya tura hoton farko, ya faɗa da bakinshi gaban mutane. Ku zo kafin rana ta faɗi. Bayan nan ban san iya riƙon da za mu yi ba."

"Ka ba ni shi, ko kalma ɗaya ce. Don Allah."

Na ji ana 'yar muhawara, sannan numfashi a kunnena.

"Hamida."

Muryar ta dishe, kamar bakin a kumbure yake. Na toshe bakina da hijabi.

"Na'am."

"Mi ya nuna?"

"Sabuwa ce, Maharazu. Sabuwa dal. Ka yafe mani."

Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. To ya isa, tun da kin gani. Ki saurare ni da kyau. Kar ki biyo hanyar nan. An yi ruwa, kuma jiya ma an tare ta. Kin ji ko? Ina roƙon ki, kar ki zo."

Aka karɓe wayar, ta katse.

Mama Esther ta shiga ɗaki ta fito da makullin mashin ɗin Samuel, ta ajiye a hannun Yaya. Na zare cajar, na naɗe, na tura kwamfutar cikin jaka, Tabita ta ƙunshe jakar da ledar zoɓo saboda yayyafi.

Yaya ya miƙo hannu, idonshi jajur. "Ba ni ita. Ni na ɓata, ni zan je. Ke ki zauna nan, Baba ba zai yafe mani ba in wani abu ya same ki."

"Kai za ka yi magana, Yaya. Amma ni aka ba, ni zan kunna ta a gabansu."

"Ba ki ji abin da ya ce ba?"

Na ji. Tun da nake da Maharazu bai taɓa roƙona komai ba sai wannan, kuma shi ne ban yi mashi ba. Na rataya jakar ta gaba, na saki hijabi a kanta, na fita cikin yayyafi na hau bayan mashin, na ce wa Yaya ya ja mu tafi.